Baje kolin duniya na Shanghai: a shiga layi ko a zaga gari?

Alhaji Mai Atamfa, Kano (27 ga Satumba, 2010):
Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da warhaka. In Allah ya yarda zan shiga Gwanzu ta ƙasar Sin a watan gobe domin baje kolin Canton, zangon ƙarshe na yadi da takalma, wanda zai fara ranar 31 ga Oktoba. Ina so in riga lokaci in ɓalle zuwa Shanghai na 'yan kwanaki, tunda an ce wancan babban baje kolin na duniya a ƙarshen Oktoba za a rufe shi. Kullum muna jin labarinsa a sashen Hausa na rediyon Sin, amma gani ya kori ji. Waɗanda suka je ku ba ni shawara. Ana samun kayan sari a can? Kuma mutum mai ciwon gwiwa irina zai iya?

Abba Ɗalibi, Shanghai:
Wa alaikumus salam Baba Alhaji. Abu na farko, ka cire maganar sari daga lissafi. Wannan ba irin na Canton ba ne inda za ka zauna da mai masana'anta ku yi ciniki a cika kwantena. A nan kowace ƙasa ta gina rumfa ne ko an ba ta wuri, tana nuna gine-ginenta, fasaharta da al'adunta. Taken taron ma a kan birane yake: yadda kyakkyawan birni ke gyara rayuwar mutanen cikinsa. An buɗe ranar 1 ga Mayu, za a rufe 31 ga Oktoba, kuma ƙasashe da ƙungiyoyin duniya 246 ne suka shiga.

Filin yana da girma ƙwarai, murabba'in kilomita 5.28, a gaɓoɓi biyu na kogin Huangpu tsakanin gadar Nanpu da gadar Lupu. Rumfunan ƙasashe suna ɓangaren Pudong, na kamfanoni da na birane suna tsallaken ruwa a Puxi. A cikin filin akwai motocin bas masu aiki da lantarki da jiragen fito, mai tikiti ba ya biyan komai.

Tikitin yini yuan 160 ne, wajen naira 3,500 kenan. Na yamma, wanda ake shiga da shi daga ƙarfe 5, yuan 90. Amma ka lura da ranaku. Daga 1 zuwa 7 ga Oktoba hutun ranar ƙasa ne a nan, sannan daga 25 zuwa 31 makon rufewa ne, dukansu tikiti yuan 200 ne. Idan za ka zo, ka zo kafin 25 ga wata, kuma tsakiyar mako. Asabar da Lahadi ka bar wa masu gari.

Maganar gwiwa kuwa, Baba, ba zan ɓoye maka ba, tafiyar ƙafa ce daga safe har dare.

Hajiya Maman Fati, Yiwu:
Alhaji, ni dai shawarata ɗaya ce: kada ka kashe kwanakinka a wurin nan. Na je a watan Yuni lokacin da ruwan damina ba ya ɗaukewa a Shanghai. Tun a ƙofa aka raba ni da gorar ruwana, don ba a shiga da ruwa daga waje, sai dai ka cika gora a famfunan ciki. Na nufi rumfar Saudiyya saboda ita kowa ke magana, wadda aka yi kamar jirgin ruwa a rataye a kan ginshiƙai, da itatuwan dabino a samanta. Layin da na tarar ya naɗe ya sake naɗewa a cikin shingen ƙarfe, mutane zaune a kan 'yan kujeru masu naɗewa, wasu na cin abinci, wasu na barci da lema a kansu. Ma'aikaci ya nuna mini allo da ke faɗin tsawon jira, na juya. Akwai ranakun da jiran ke kai awa takwas, alhali kallon da ke ciki bai wuce 'yan mintoci ba, ana tsaye a kan bel mai tafiya ana kallon majigi. Wane ne zai ba da yini guda na rayuwarsa, da azahar da la'asar a ciki, don wannan?

Rumfar Sin kuma, jar nan mai kama da hular sarki, tikitin shiga fili bai isa ba. Sai ka samu wata takardar daban da ake rabawa a ƙofa da safe, kuma cikin 'yan mintoci take ƙarewa. Mutane tun asuba suke kama layi saboda ita.

Ka je Shanghai, amma garin za ka kalla. Garin shi ne baje kolin.

Injiniya, Kaduna:
Hajiya, abin da kika faɗa a kan layi gaskiya ne, amma hukuncin da kika yanke ya yi tsauri. Kin je inda kowa ya je ne shi ya sa kika ga abin da kowa ya gani. Ni aikina tsara gari, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai ba ya Pudong sam. Yana Puxi, inda aka ware wa birane wuri kowanne ya kawo dabarar da ya riga ya gwada a gida ta yi aiki. Hamburg ta gina gida na gaske wanda ba ya buƙatar makamashi mai yawa wajen ɗumama ko sanyaya shi. Madrid ta kawo samfurin gidajen talakawa da aka lulluɓe da gora don tare rana. Landan ta kawo gini mai samar wa kansa wuta daga rana da iska. Yawancinsu shiga kawai ake yi, ko a jira kaɗan.

Alhaji, akwai ɗaya da na san za ta taɓa ka: birnin Makka ya kawo Mina. An kafa rumfar da irin tantunan can, ana bayanin yadda kwari guda ke ɗaukar miliyoyin mutane na 'yan kwanaki, da ruwansu da makewayinsu da hanyoyinsu, sannan ya koma fanko. Duk wanda ya tuna gobarar Mina ta 1997 ya san dalilin da ya sa aka koma tantunan da wuta ba ta ci. Akwai kuma bayanin sabuwar gadar Jamrat mai hawa-hawa da yadda aka raba hanyar shiga da ta fita. Na tsaya kusa da wani dattijo Basine mai farar hula, yana nuna wa jikarsa samfurin da yatsa, bakinsa na motsi. Ban ji yarensa ba, amma na ji kalmar Arfa. Kuma kamfanin Sin ne ke gina jirgin ƙasan da zai haɗa Mina da Muzdalifa da Arfa, wanda ake sa ran alhazan bana za su fara hawa.

Wurin kansa darasi ne. Tsohuwar tashar wutar lantarki ta Nanshi ba a rushe ta ba, an mayar da ita zauren nuni, dogon bututun hayaƙinta mai mita 165 kuma aka mayar da shi ma'aunin zafi da ake hangowa daga nesa. Wannan ba za ka gan shi a titin Nanjing, babban titin kasuwar garin, ba.

Hajiya Maman Fati:
Injiniya, kai masani ne, ka san abin da kake nema. Alhaji ɗan kasuwa ne mai ciwon gwiwa. Amma na Mina ɗin nan da na san da shi da na tsallaka ruwan.

Malam Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Ni ma na leƙa a watan Yuli tare da ɗan'uwana. Rumfar haɗin gwiwa ta Afirka ba ta da wahalar shiga, babban zaure ne guda da ya ɗauki ƙasashe 42 da Tarayyar Afirka, Nijar na ciki. Najeriya tana da tata daban a nan kusa, haka Masar da Afirka ta Kudu. Abin da ya dame ni shi ne yadda akasarin masu shigowa ba kallo ya kawo su ba. Akwai wani ɗan littafi da ake sayarwa yuan 30 mai siffar fasfo, kowace rumfa na buga hatimi a ciki. Sai mutum ya shigo da gudu riƙe da guda biyar ko goma, a buga masa, ya fice, bai ɗaga kai ya ga ko sunan ƙasar ba.

Amma Abba, ba ka faɗa wa Alhaji abin da ya fi muhimmanci ba. Ina zai yi Juma'a, kuma me zai ci? Shanghai ba Gwanzu ba ce inda mutum zai sauka unguwar Xiaobei ya tarar da 'yan'uwa da tuwo.

Abba Ɗalibi:
Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne. Masallacin da ya fi sauƙi ga baƙo shi ne Xiaotaoyuan, a tsohon gari. A sauka tashar Laoximen, layi na 8 ko na 10 na jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai 'yar tafiya kaɗan, za a hango korayen ƙubbobi. An kafa shi a 1917, kuma a da nan ne maniyyata daga sassan Sin ke taruwa kafin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Akwai masallacin mata a gefensa. Kusa da lambun Yuyuan kuma akwai ƙaramin masallacin titin Fuyou na 1870, ginin katako irin na Sinawa, da wuya ka gane masallaci ne sai ka shiga. Akwai na Huxi a titin Changde, akwai na Pudong a titin Yuanshen.

Baba Alhaji, a ɗakin otal kada hannu ya kai ka gabas bisa sabo. Alƙibla a nan yamma take, da ɗan karkata zuwa arewa. A cikin filin baje kolin kuwa ka shiga da alwala da ƙaramar darduma, kai matafiyi ne, kasaru da haɗa salla sun sauƙaƙa maka.

Abinci: ka haddace siffar haruffa biyun nan, 清真, su ne alamar halal. Kusan kowace unguwa akwai shagon taliyar Lanzhou mai koren allo, Musulmin arewa maso yamma ne ke riƙe da su. A gabanka yaro zai ɗauki curin ƙullu ya ja ya ninka ya sake ja har ya zama siraran zare, ya jefa a tukunya, a zuba romon naman sa. Araha ne kuma yana riƙe ciki. Gidajen abincin mutanen Xinjiang suna da tsiren rago da gurasa da shinkafa dafa-duka da karas. Idan kana son zama na musamman, akwai Hong Chang Xing a titin Yunnan, tsohon gidan Musulmi tun 1891, inda ake kawo tukunya tana tafasa a tebur kana tsoma yankakken naman rago da kanka.

Abin da za ka kiyaye: 'yan ƙunshin fulawar nan masu romo a ciki da ake dogon layi a kansu a kasuwar Yuyuan, naman alade ne. Kuma ko ganye ne zalla a gidan da ba na Musulmi ba, ana iya soya shi da kitsen alade.

Ɗan Zango, Kumasi:
Alhaji, gargaɗi biyu daga gare ni. A titin Nanjing da dandalin People's Square za ka haɗu da samari da 'yan mata masu fara'a, Turanci a bakinsu, su ce su ɗalibai ne daga wani gari, ka ɗauke su hoto, daga nan su gayyace ka bikin shan shayi na gargajiya. Kada ka bi su. Wani abokin tafiyata ya bi, aka shigar da shi wani ɗan ɗaki a saman bene, aka zuba masa shayi a kofuna kamar murfin kwalba, aka kawo masa takardar kuɗin da ta fi kuɗin otal ɗinsa. Ya biya don ya samu ya fita.

Na biyu, ka shirya wa kyamara. Yawancin masu zuwa baje kolin daga larduna suke, da yawansu ba su taɓa ganin baƙar fata ido da ido ba. Idan ka sa babbar riga da hula, kai ma ka zama rumfa. Ni abin ya ɓata mini rai. Wasu ba sa ko tambaya, sai dai ka ji walƙiya a fuskarka. Wata mata har ta shafa hannuna ta duba tafinta.

Hajiya Maman Fati:
Ƙanena, na fahimci ɓacin ranka, shafa jikin mutum ba tare da izini ba rashin ladabi ne a ko'ina. Amma ba duka ne da raini ba. Ni wata tsohuwa ce ta riƙe gefen mayafina tana duba aikin da ke jiki, ta kira 'yarta ta fassara, ashe tambaya take ko da hannu aka yi. Ta ce ita ma aikin allura ta yi har idonta ya gaza. Muka zauna a benci ɗaya ta ba ni lemo. Wanda ya tambaya ka tsaya masa, wanda bai tambaya ba ka ɗaga masa hannu ka wuce.

Injiniya:
To mu koma kan garin, don ban ce kada a gan shi ba. Alhaji, ka je Bund, wato gaɓar kogin Huangpu ta tsakiyar gari, bayan la'asar ka tsaya har magariba. A bayanka jerin gine-ginen dutse ne na zamanin da Turawa suka riƙe gaɓar, bayan yarjejeniyar Nanjing ta 1842 ta tilasta buɗe tashar ga 'yan kasuwar waje: tsohon ginin bankin HSBC na 1923, gidan kwastan mai babban agogo na 1927, otal ɗin Peace mai koren rufi na 1929. A gabanka, tsallaken kogi, Lujiazui ce. Hasumiyar Oriental Pearl mai mita 468, Jin Mao mai hawa 88, da cibiyar hada-hadar kuɗi mai mita 492 da aka gama a 2008, wadda ke da rami mai kusurwa huɗu a ƙololuwa. Kusa da su ana gina wata da za ta fi su duka. Kafin 1990 wancan ɓangaren gonaki ne da rumbunan ajiya da ƙananan gidaje.

Shi kansa wurin da za ka tsaya sabo ne. An rufe shi kusan shekara uku, aka tura yawancin motocin cikin rami a ƙarƙashin titi, aka faɗaɗa wurin masu tafiya a ƙafa, aka sake buɗewa a watan Maris na bana. Layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a 1993 ya fara aiki, yau tsawon layukan ya haura kilomita 400. A nan Hajiya ta yi gaskiya, baje kolin ya sa an gyara garin, ko kuma a ce gyaran garin ne ya nemi dalili ya samu baje koli.

Idan za ka tsallaka, ka bi jirgin fito daga titin Jinling zuwa Dongchang, yuan 2 kacal, tare da masu babura da kekuna. Daga tsakiyar ruwa ne ake ganin gaɓoɓin biyu a lokaci guda.

Malam Ɗan Damagaram:
Injiniya, kana ta yabo, amma akwai abin da ka tsallake. Filin nan ba daji ba ne kafin a fara. Iyalai wajen 18,000 aka tayar, da masana'antu kusan 270, har da tsohuwar ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Jiangnan da aka mayar tsibirin Changxing. Taken taron yana cewa kyakkyawan birni, kyakkyawar rayuwa. Rayuwar wa? Tsohon da aka haifa a bakin kogi, maƙwabtansa na shekara hamsin, aka ɗauke shi aka kai shi hawa na goma sha biyu a bayan gari, shi ma ya shaida haka? Ina jin tsoron masu mulkinmu su zo su ga fitilu su koma gida da darasi ɗaya tak, wato rusau.

Injiniya:
Malam, tambayarka a wurinta take, kuma ban ce kowa ya tashi da murna ba. Akwai waɗanda suka yi ƙorafin diyya, an ji su. Amma a faɗi ɗaya gefen ma. Da yawa daga gidajen nan ba su da makewayi a ciki, da bokiti ake kwana, iyali guda a ɗaki ɗaya, ga hayaƙin masana'anta a kansu. Wanda aka ba gida mai famfo da banɗaki ba zai ce an cuce shi ta kowace fuska ba. Abin da nake so namu su gani shi ne jerin aikin: a gina inda za a kai mutum, a kai hanya da ruwa da makaranta, sannan a taɓa gidansa. Idan aka juya jerin, zalunci ne, ko a Shanghai ko a ko'ina.

Malam Ɗan Damagaram:
Famfo ba ya maye gurbin maƙwabci, Injiniya. A nan muka bambanta.

Abba Ɗalibi:
Iyayena, Baba Alhaji zai iya ganin abin da kuke gardama a kai da idonsa. Daga masallacin Xiaotaoyuan, ya bar babban titi ya kutsa lungunan tsohon gari. Har yanzu akwai gidaje masu hawa biyu, an tsallaka sandunan gora daga taga zuwa taga an shanya wanki, tsofaffi na buga kati a bakin ƙofa, mai kifi na yanka a kan katako a gefen kwata. Kafin buɗe baje kolin har kamfe aka yi na hana mutane fita titi da kayan barci, don al'adar mutanen lungunan ce. Za ka ga wasu bangayen an rubuta musu harafi guda da jan fenti a cikin da'ira, alamar rusau ke nan. Ka ɗaga kai kuma dogayen benaye na leƙo ka ta kowane gefe.

Shugaban Zaure:
Madalla da wannan muhawara. A ci gaba da mutunta juna. Alhaji, muna jiran labari.

Abba Ɗalibi (17 ga Oktoba):
Baba Alhaji, idan ka riga ka sauka Gwanzu ka ji wannan. Jiya Asabar mutum sama da miliyan ɗaya da dubu talatin suka shiga filin a yini guda, ba a taɓa haka ba a tarihin baje kolin duniya. Kowa na rige-rigen gani kafin a rufe. Ka tsaya a kan Talata ko Laraba. Ka tabbatar da otal kafin ka taso, don ba kowane masauki ke da izinin karɓar baƙin waje ba, kuma kuɗin ɗaki ya hau. Fasfo ya zauna a aljihunka koyaushe. A kowace tashar jirgin ƙasa ana saka jaka a na'urar bincike, don haka ka rage kaya.

Alhaji Mai Atamfa (24 ga Oktoba):
Jama'a, na je na dawo Gwanzu lafiya, Allah ya saka wa kowa da alheri, musamman ɗana Abba da ya tarye ni a filin jirgin Hongqiao.

Na haɗa shawarar Hajiya da ta Injiniya. Na shiga filin ta Puxi da rana, na fara da Mina. Injiniya, ka yi gaskiya. Na yi aikin Hajji kafin a sake ginin Jamrat, na san abin da ake nufi da turmutsitsi a wurin, don haka na daɗe a gaban samfurin nan ina bin hanyoyin da ido. Da yamma na hau fito na tsallaka Pudong. Ban shiga layin kowace babbar rumfa ba, daga waje na kalle su, kuma da dare sun fi kyau. Ta Ingila ta ba ni mamaki: sanduna 60,000 masu kama da gilashi sun fito daga jikinta ta ko'ina, iska na kaɗa su, an ce a ƙarshen kowane ɗaya akwai ƙwayar iri a ciki. Ta Sifen da saƙar kaba irin ta kwando aka lulluɓe ta, na matsa na taɓa, aikin hannu ne. Ta Maroko na shiga, don layin ya ragu bayan isha, sassaƙar katako da aikin tayil ɗin ciki sun isa a tsaya. Cunkoson kan babbar hanyar tsakiya kuwa kamar Kantin Kwari ana jajibirin salla.

Amma abin da ya fi amfanata a sana'ata a cikin gari na same shi. Abba ya kai ni kasuwar yadi ta titin Lujiabang, kusa da gadar Nanpu. Bene ne cike da shaguna, kowane mai yadi da telansa. Ka zaɓi yadi, a gwada ka a nan take, ka dawo bayan kwana ɗaya ko biyu ka karɓi kwat ko riga a ɗinke. Na zauna ina kallon wata mata da awo rataye a wuya, tana rubuta ma'aunin Bature da hannu ɗaya, ɗaya hannun na latsa kwakuleta tana nuna masa farashi, ba wanda ya iya yaren wani, aka gama ciniki. Mu muna sayar da yadi mu sallami mutum ya tafi neman tela. Wannan haɗin ya tsaya mini.

Na yi Juma'a a Xiaotaoyuan. Sahu ɗaya da Sinawa da 'yan Pakistan da Larabawa da wasu 'yan Mali. Na hau hawa na 100 na dogon benen nan mai rami a ƙololuwa, inda akwai gilashi a ƙasa kana ganin motoci a ƙarƙashin ƙafarka. Na kuma bi lungunan da Abba ya faɗa. Malam, na ga jan harafin a bango, kuma na ga wata tsohuwa zaune a ƙofar gidan da rabinsa ya riga ya tafi, tana gyaran wake. Ban san ko murna take da tashin ko baƙin ciki ba.

Gwiwa ta kumbura, amma da sauƙi.

Hajiya Maman Fati:
Sannu da hanya Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Ka sa ruwan ɗumi da man zafi kafin a fara Canton, don can ma tafiya ce. Amma ka lura, a cikin abin da ka lissafa, kasuwar yadi da masallaci da lungu duk a gari suke.

Injiniya:
Hajiya, Mina fa a filin baje kolin take.

Ɗan Zango (3 ga Nuwamba):
An rufe kenan. Na ji an ce mutum sama da miliyan 73 ne suka shiga cikin kwana 184. Abba, yanzu me za a yi da rumfunan? Zan shigo Yiwu a Disamba, ko akwai abin da zai rage a gani?

Abba Ɗalibi:
Yaya, ƙa'idar baje kolin ita ce rumfunan ƙasashe na wucin gadi ne, yawancinsu za a kwance su. Gine-gine biyar ne aka yi don su zauna: rumfar Sin, babban zauren nuni, cibiyar taro, zauren wasanni mai kama da faifai, da doguwar hanyar tsakiya. An sanar za a sake buɗe rumfar Sin daga farkon Disamba, don haka kana iya ganin abin da su Hajiya da Baba Alhaji ba su samu shiga ba. A ciki akwai wani tsohon zane na zamanin daular Song da aka faɗaɗa a bango mai tsawon mita 128, aka sa mutanen ciki da raƙuma da kwale-kwale suna motsi, rana na faɗuwa ana kunna fitilu a kasuwa.

Daga Yiwu ka biyo ta Hangzhou. An buɗe sabon layin jirgi mai sauri tsakaninta da Shanghai ranar 26 ga Oktoba, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, zai sauke ka a tashar Hongqiao. Daga nan layi na 2 zuwa People's Square, ka canza zuwa na 8 ka sauka Yaohua. Ka taho da rigar sanyi mai kauri da safa, don sanyin Disamba a nan mai danshi ne, kuma gidaje da yawa ba su da abin ɗumama ɗaki.

Malam Ɗan Damagaram:
Abba, idan ka samu sarari ka koma lungun da Alhaji ya ga tsohuwar nan, ka tambayi maƙwabta unguwar da aka kai su da nisanta daga kogi. Ina so in ji daga bakinsu kafin ni da Injiniya mu ci gaba.